Lambar gwajin Mama ta hau bayan kemo: mu dakatar da maganin?

Tambaya

Assalamu alaikum likitoci. Mahaifiyarmu shekararta 58. Cikinta ya kumbura da ruwa, aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka gwada, aka ce sankarar ƙwan mahaifa ce, mataki na uku. Likita ya ce za a yi mata kemo, wato maganin sankara da ake sawa ta jijiya, sau uku, a yi tiyata, sannan a ƙara uku. Kafin a fara an yi mata gwajin jini mai suna CA-125 a asibitin, ya nuna 1,180. Kwana goma bayan kemon farko hankalina ya ƙi kwanciya, na kai ta wani lab kusa da gida, ya nuna 1,340. Kwana uku kafin nan an zuƙe mata ruwan cikin. Jajibirin kemo na biyu asibiti suka sake gwadawa, 860. A jikin takardar an rubuta na mai lafiya ba ya wuce 35. Yayanmu, wanda shi ke biyan mafi yawan kuɗin, ya ce an yi kemo biyu, gashinta ya zube, ta rame, lamba tana nan a ɗaruruwa, har ma ta taɓa hawa, don haka gara a haƙura a kai ta wajen wani mai magani a ƙauye. Saura kwana biyar kemo na uku. Ita kam yanzu tana ɗan taɓa tuwo, kuma cikin bai sake cika ba. Don Allah me lambobin nan suke nufi? Maganin yana aiki ko wahala kawai muke ba ta?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Kada ku fasa kemo na uku. Ba mu ga Hajiya ba, likitanta ne ke da fayil ɗinta, amma a cikin abin da kika rubuto babu hujjar dakatarwa, akwai ma alamu biyu masu kwantar da hankali. Bari mu bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, don yayanku ya cancanci a yi masa bayani da lissafi, tunda da lissafi ya zo.

CA-125 wani sinadarin furotin ne da ƙwayoyin irin wannan sankarar suke zubarwa cikin jini. Wani likita a Amurka, Robert Bast, shi da abokan aikinsa suka gano shi a 1981. Idan ƙari ya yi yawa a jiki yakan hau, idan magani ya kashe ƙwayoyin yakan sauka. Kusan mata takwas cikin goma masu wannan ciwon da ya yi nisa suna da shi sama da 35. Sai dai ba sankara kaɗai ke fitar da shi ba. Tantanin da ya lulluɓe hanji da bangon ciki, da wanda ya lulluɓe huhu, su ma suna fitar da shi duk lokacin da wani abu ya taɓa su. Shi ya sa yake hawa a lokacin al'ada, da farkon juna biyu, da ƙarin mahaifa marar sankara, da ciwon hanta mai tara ruwa, da ciwon zuciya mai tara ruwa a ƙirji. A yankinmu ma akwai tarin fuka na ciki, wanda ke kawo ruwa da rama da CA-125 mai yawa har a ɗauka sankara ce. Wannan ne ya sa ɗiban naman da aka yi wa Hajiya ya fi kowane gwajin jini muhimmanci wajen gane ciwon. Ita CA-125 aikinta nuna inda aka dosa ne bayan an riga an san ciwon.

To, 1,340 ɗin nan da ta tayar muku da hankali, ki ajiye ta gefe. Dalilai uku ne, kuma kowanne shi kaɗai ya isa.

Na farko, lab ɗin daban ne. Duk wadda ta taɓa awon hatsi ta san mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba. Haka injinan gwajin nan suke: kamfanoni irin su Roche da Abbott kowa da irin sinadaran da yake aiki da su, kuma jini ɗaya da aka raba gida biyu zai iya ba da lamba biyu mabambanta. Babu wanda ya yi kuskure, ma'aunin ne ba ɗaya ba. Idan lamba ta kai dubu ma, wasu injinan sai an tsinka jinin da ruwa a sake aunawa a ninka, nan ma ana samun ɗan bambanci. Tsakanin 1,180 da 1,340 bambancin bai kai kashi 14 cikin ɗari ba, abin da canjin lab kaɗai zai iya kawowa.

Na biyu, an soka mata allura a ciki an zuƙe ruwa kwana uku kafin gwajin. An taɓa tantanin nan ke nan. Ƙa'idar da likitocin sankarar mata na duniya suka yarda da ita, wadda ake kira ta GCIG, ta faɗi a fili cewa ba a dogara da CA-125 ɗin da aka auna cikin kwana 28 bayan an taɓa tantanin ciki ko na huhu. Wannan ya shafi har 860 ɗin, domin ita ma sati biyu ne bayan zuƙar. Amma taɓa tantani ya fi sa lamba ta hau, don haka idan ma akwai kuskure a 860, ya fi yiwuwa gaskiyar tana ƙasa da ita.

Na uku, lokacin. Kwana goma bayan kemo ƙwayoyin sankara suna cikin mutuwa suna fashewa, abin da ke cikinsu yana zuba cikin jini. Lamba za ta iya ɗan hawa a daidai lokacin da magani ke cin wuta. An fi ganin haka da wani jan magani, dokzorubisin, inda lamba kan hau a zagaye na farko ko na biyu sannan ta faɗo, haka ma wani sinadarin jini irinsa mai suna CEA a sankarar hanji cikin sati huɗu zuwa shida na farko. Saboda haka ne ake auna CA-125 a ƙarshen zagaye, kwana ɗaya zuwa uku kafin kemo na gaba, ba a tsakiya ba.

Saura lamba biyu da za a iya kwatantawa: 1,180 da 860, lab ɗaya, kuma kowacce dab da kemo. A nan yayanku ya yi kuskuren ƙirge. An ɗebi jinin da ya ba da 860 kafin a sa mata kemo na biyu, saboda haka aikin kemo ɗaya tak ta nuna. An sauko da 320, wato kashi 27 cikin ɗari, a sati uku. Aikin kemo na biyu babu wanda ya san shi tukuna, sai an yi gwajin wannan satin.

Kuma 35 ba ita ce abin dubawa yanzu ba. A ƙa'idar da muka ambata, ana cewa CA-125 ta amsa magani idan ta sauka da rabi ko fiye daga inda aka fara, kuma ta tsaya a ƙasa aƙalla kwana 28. Rabin 1,180 shi ne 590. Wannan ce lambar da za ku riƙe a ka. Idan gwajin jajibirin kemo na uku ya zo kusa da ita ko ƙasa da ita, ana kan hanya. Idan ya zo ɗari bakwai da wani abu, yana sauka amma a hankali, likita zai ƙara zuba ido, ba zai dakatar ba. Mata da yawa ba sa kaiwa 35 sai bayan an yi tiyata an kwashe ƙarin, domin muddin akwai tarin nama mai ciwo a ciki zai ci gaba da zubar da sinadarin.

Saurin saukar yana da ma'ana, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wasu likitoci a Liyon ta Faransa, ƙarƙashin Benoit You, sun fito da wani lissafi da ake kira KELIM. Ana zuba masa aƙalla lambobin CA-125 uku na cikin kwana 100 na farkon kemo tare da ranakun da aka ɗebi jinin, sai ya ba da maki. Maki 1 ko sama yana nuna sankarar tana jin maganin sosai kuma tiyata ta fi yiwuwar kwashe komai. Ƙasa da 1 yana nuna tana da taurin kai. Lissafin yana intanet, likitanku zai iya yi idan ya ga amfaninsa. Mun kawo shi ne don ki ga dalilin da kwanan wata yake da daraja daidai da lambar kanta. Ki sayi ɗan littafin rubutu, ki ja layi huɗu: ranar ɗibar jini, sunan lab, lamba, da abin da ya faru a wannan watan, kamar zuƙar ruwa, ƙarin jini, zazzaɓi ko ɗage kemo. Gwajin ba ya buƙatar ta ƙi cin abinci. Abu ɗaya da za ki kula: idan wani ya kawo mata ƙwayoyin gyaran gashi saboda zubewar, ki duba ko akwai bayotin, wani nau'in bitamin, a ciki. Bayotin mai yawa yana rikita wasu injinan har su nuna lamba ƙasa da gaskiya. Gashin nan zai fito da kansa bayan an gama, ba ya buƙatar ƙwaya.

Likita ba ya yanke hukunci da jini kaɗai. Abu uku yake haɗawa: jikin marar lafiya, jini, da hoto. Ta fuskar jiki, kin riga kin ba mu labari mai daɗi ba tare da kin lura ba. Ruwan cikin da sankara ke kawowa, idan magani ba ya aiki, yakan dawo cikin sati ɗaya ko biyu. Na Hajiya wata guda ke nan bai dawo ba, kuma ta fara cin abinci, wanda ke nuna hanji ya samu sarari. Za ki iya bin wannan a gida da tef ɗin tela: a auna faɗin ciki daidai cibiya, da safe, tana kwance, sau ɗaya a sati, a rubuta. Game da ramar kuwa, wani ɓangarenta ruwan da aka cire ne, lita ɗaya kusan kilo ɗaya ce. Zubewar gashi aikin pakilitakzel ne, ɗaya daga magungunan kemo biyu da aka saba haɗawa a wannan ciwon (ɗayan shi ne kaboplatin), kusan duk wadda aka sa wa sai ta zube a sati na biyu zuwa na uku. Ba ta nuna magani na aiki, ba ta kuma nuna ba ya aiki.

Hoto shi ne alƙali, kuma lokacinsa bayan kemo na uku ne, kafin a tsayar da ranar tiyata. Hoton CT ake so, na ciki da ƙugu, yawanci har da ƙirji, tare da allurar ruwan da ke haska gaɓoɓi, wadda sai an duba ƙoda kafin a yi. Sikanin da ake goga wa ciki da man shafawa yana nuna ruwa da babban ƙari, amma bai isa a kwatanta jiya da yau da shi ba. Mai karanta hoto yana bin ƙa'idar RECIST ta 2009: ya zaɓi ƙari da bai wuce biyar ba, kowanne aƙalla milimita 10, ya auna tsawonsu ya tara. A ce akwai mai santimita 6 da mai 4, jimla 10. Idan sabon hoto ya nuna jimla 7 ko ƙasa, an ragu da kashi 30, magani ya yi aiki. Idan ta kai 12, an ƙaru da kashi 20, ko kuma wani sabon ƙari ya fito a inda babu shi da, ciwon ya ci gaba. Tsakanin nan sai a ce yana nan yadda yake. Wannan awon ba zai yiwu ba sai an ɗora tsohon hoto kusa da sabo, don haka ku tafi da faifan hoton farko ko fim ɗinsa, ba takardar rahoto kaɗai ba. Nan ne iyalai da yawa suke asarar kuɗin hoto: a yi sabo mai tsada, a rasa abin kwatantawa. Kuma sankarar ƙwan mahaifa tana da ɗabi'ar warwatsuwa a kan tantanin ciki kamar an watsa gero, ƙanana ƙwarai har hoto ba ya iya auna su. Wannan giɓin ne CA-125 ke cikewa, shi ya sa ake buƙatar su biyun.

Ba za mu ɓoye miki yadda rashin nasara yake kama ba. Idan lamba ta hau sau biyu a jere a lab ɗaya, da tazarar aƙalla sati guda, ba tare da an taɓa ciki ba. Ko aka yi kemo uku ba ta motsa ba. Ko ruwa ya riƙa dawowa da sauri, ga amai, ga rashin bayan gida da rashin fitar iska. Sannan hoto ya tabbatar, to kaboplatin da pakilitakzel ba su yi ba. Ko a nan ba a ce an gama ba, akwai wasu magungunan kamar jemsitabin da dokzorubisin, akwai kuma kulawar rage raɗaɗi, wadda ita ma magani ce ba sallama ba. Ki tambayi likita wane nau'i ne aka gani a naman, domin nau'in da ya fi yawa yana jin kaboplatin sosai, wasu nau'o'in kuwa ba sa ji haka, wani ma ba ya fitar da CA-125 sai a bi shi da wasu sinadaran jinin kamar CEA ko CA 19-9. Sannan ku sani cewa a mataki na uku, mafi yawan mata suna amsa maganin farko, amma a da yawansu ciwon yakan dawo daga baya. Ko lamba ta koma 20 ba a cewa an warke, don ƙananan ƙwayoyi kan ɓuya ba tare da jini ya nuna ba. Don haka idan ta faɗo ƙasa bayan kemo na huɗu, kada kowa ya ce a tsaya a adana kuɗin sauran biyun.

Akwai wani gwajin jini da ya fi CA-125 gaggawa a wannan satin, shi ne ƙirgen ƙwayoyin jini da gwajin ƙoda da hanta. Yawancin asibitoci ba sa sa kemo sai fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil sun kai 1,500, ƙwayoyin daskarar da jini kuma 100,000. Idan ba su kai ba akan ɗage sati guda, wannan ba matsala ba ce. Matsalar ita ce ɗagewar sati uku ko wata guda saboda gardama a gida ko rashin kuɗi. An tsara tazarar kwana 21 ne don ɓargo ya farfaɗo kafin sankara ta farfaɗo. Idan aka ja lokaci ita ce ke samun hutun, kuma abin da ya tsira yakan fi taurin kai. Idan kuɗi ne ya yanke, ku faɗa wa likita da sashen walwalar marasa lafiya na asibitin tun yau, ba ranar kemo ba. Kuma daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane kemo garkuwar jikinta tana ƙasa ƙwarai. Ku ajiye ma'aunin zafi a gida. Idan ya nuna 38 ko ta kama rawar ɗari, ba batun farasitamol da maganin maleriya daga kemis ba ne, a tafi asibiti a cikin awar nan ko da tsakar dare, a faɗa musu tun daga ƙofa cewa tana kan kemo.

Game da mai maganin ƙauye, addu'a da tofi da zamzam babu likitan da zai hana. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da garin da ba a san abin da ke ciki ba su ne abin tsoro, kuma dalilin na lissafi ne: adadin kaboplatin da ake sa mata da ƙarfin ƙodarta ake ƙirga shi, domin ta ƙoda yake fita, shi kuma pakilitakzel hanta ce ke sarrafa shi. Duk abin da ya taɓa ƙoda ko hanta zai sa magani ya taru a jiki ya rushe jininta, ko ya sa dole a rage shi. Idan an riga an ba ta wani abu, ki faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba.

Yayanku ba mugunta yake yi ba, mutum ne da yake ganin mahaifiyarsa tana shan wuya kuma aljihunsa yana ƙarewa. Kada ki ja da shi a waya. Ki roƙe shi ya biyo ku ranar asibiti ya ji da kunnensa, ku nemi alfarmar abu ɗaya: a yi kemo na uku, a yi hoto, sannan a zauna da lamba huɗu da hoto biyu a gaba. Sati uku zuwa huɗu ne kawai. Ku rubuta tambayoyinku kafin ku shiga: wane nau'i ne, wace lamba likita yake so ya gani kafin tiyata, yaushe ne hoton, kuma me za a yi idan hoton bai yi kyau ba. Hajiya ma a tambaye ta. Jikinta ne, kuma sau da yawa uwa ta riga ta gane abin da 'ya'ya suke ɓoye mata, tana yin shiru ne don kada ta tayar musu da hankali.

Ke kuma, ki daina kai jininta lab tsakanin zagaye. Mun san zulumi ne ya sa, amma gwaji ɗaya a kowane sati uku ya wadatar, kuma ƙarin gwajin nan ne ya kusa sa a yanke mata magani. Wannan zai ƙara amfani bayan an gama kemo shida. Wani babban bincike da Gordon Rustin ya jagoranta a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, aka wallafa a 2010, ya raba mata sama da 500 da CA-125 ɗinsu ta sake hawa gida biyu: wasu aka fara musu kemo nan take, wasu aka jira sai jiki ya nuna alama. Na farkon sun fara magani kusan wata biyar kafin na biyun, sun riga su shan wahalarsa, amma ba su fi su tsawon rai ba. Don haka idan lokacin ya zo, ku zauna da likita ku tsara sau nawa za a riƙa gwadawa, galibi duk wata uku a shekarun farko, ku tsaya a kan haka.

Ranar ɗibar jinin wannan satin, ki tabbatar lab ɗin asibitin ne, ki faɗa wa likita ranar da aka zuƙe ruwan, ki kuma nuna masa takardar 1,340 ɗin ki ce daga waje aka yi ta, don kada ta shiga lissafinsa. Idan sakamakon ya fito, ki kwatanta shi da 590. Allah ya ba ta sauƙi.